Ɗari Biyar ɗin Hamish

Na rasa inda zan kai ƙarar abin da aka yi wa Tegan. Ba dukanta aka yi ba, ba zaginta aka yi ba, kuma duk wanda ya san mijinta a nan Yeppoon zai ce maka yaron kirki ne. Shi ya sa na zauna nake rubutawa, ko na samu abin ya sauka daga ƙirjina. Shingen katako ne kawai tsakanin gidana da nasu, gajere, in na tsaya wurin igiyar shanya ina hango har ƙofar kicinsu.

Tegan ba ta cika wata da haihuwar ɗanta na fari, Hamish, ba ranar da na miƙa mata fai, gasasshen fulawan nan mai nama a ciki, ta saman shingen. A gidan burodi nake aiki, in na tashi da rana nakan taho da abin da ya rage. Mai naman sa ne, da sauran zafinsa. Ta ajiye kwandon wanki ta karɓa hannu biyu, ta shaƙi ƙamshin har da lumshe ido. Sai ta zaro waya daga aljihu, ta duba, ta miƙo mini abina.

"Na gode, Noelene. Na yau ya kusa ƙarewa, saura na abincin dare."

"Mene ne ya kusa ƙarewa?"

"Kalorina."

Ta nuna mini wayar. Mijinta Jarrod ne ya sa mata wata manhaja mai ƙirga abinci. Duk lomar da za ta kai baki sai ta auna a sikeli ta shigar, manhajar ta rage daga rabon ranar. Ya yanka mata kalori dubu ɗaya da ɗari biyu a rana, ya kuma haɗa wayarta da tasa, yana daga bakin teku yana ganin ko rabin ayaba ta ci.

Na ce, "Ke da kike shayarwa?"

"Ai ya sa shayarwar a ciki. Duba nan."

Na duba. A sashen motsa jiki, inda mutane suke shigar da gudu da iyo, nan ya rubuta shayarwa, ɗari biyar kullum.

"To ai shi ke nan. Ki ƙara cin ɗari biyar ɗin, ga fai."

Ta yi 'yar dariya ta gaji. "Ba ki san dokar Jarrod ba? Abin da ka ƙona ba ka mayar da shi ciki."

Wa bai san dokar Jarrod ba a garin nan? Sana'arsa ke nan, kowace safiya ya tara ma'aikatan ofis a kan yashi, ya sa su jan igiya da mirgina taya yana daka musu tsawa da wannan magana. Har a jikin motarsa an rubuta ta. Kuma ga ƙaton mai tumbi da ya yi gudun minti ashirin yake neman sakayya da giya, ban ce dokar ba ta da amfani ba. Amma Jarrod ya ɗauki ɗansa na cikinsa ya jera shi layi ɗaya da taya da igiya.

Washegari na tare shi yana loda kayansa a bayan a-kori-kura.

"Noels!" Haka yake kirana. "Har yanzu kina kashe mutanen gari da man shanu?"

"Kai kuma kana kashe su da yunwa. Jarrod, matarka jego take yi. Ɗari biyar ɗin nan ba ƙonewa suke yi ba, cikin yaron suke tafiya. Daga ina kake so ta samo su?"

Ya jingina da motar yana murmushi, irin murmushin da ake yi wa tsohuwa in ta tambayi yadda ake kunna waya.

"Daga ajiya mana. Jikin mace ya tara mai wata tara don wannan aikin. Kimiyya ce, Noels, ba ni na ƙirƙira ba. Tana zaune a kujera tana ƙona abin da mutanena suke zubar da gumin awa guda kafin su ƙona. Kyauta. Ki ce ta mayar da shi ciki? Asara ke nan."

"Ka tambayi likita?"

"Ina da takardar shaida a kan abinci mai gina jiki." Ya rufe bayan motar. "Kuma ita ta roƙe ni. Tambaye ta."

Na tambaye ta daga baya. Ta ce e, ta taɓa cewa tana so ta koma cikin tsofaffin wandunanta. Wace mace ce ba ta taɓa faɗin haka ba? Sai a bakinta na ji sauran zancen. Bayan Kirsimeti Jarrod zai buɗe sabon aji na masu jego, kuma hoton Tegan ne tallar. Ya riga ya ɗauki na farko tana 'yan kwanaki da dawowa daga asibiti, a tsaye jikin bangon gareji, ya ce ta saki cikinta kada ta matse. Na biyu ranar Kirsimeti za a ɗauka, da kayan iyo.

Na yi zaton uwarsa za ta taka masa burki. Glenys kullum tana gidan tun da aka yi haihuwar, wai taimako. Ashe ita ce mai riƙe da sikelin. Ranar Lahadi take dafa abincin mako, ta raba a ƙananan robobi masu murfi, kowace da sunan rana: ƙirjin kaza fari fat ba mai, ganye, shinkafa cokali uku. Da na kai musu tukunyar farfesun rago da dankali, a bakin ƙofa ta karɓa.

"Kai, Noelene, da ba ki wahalar da kanki ba. Jarrod zai ji daɗinsa, yana neman ƙara nauyi kwanan nan."

"Na Tegan ne."

"Tegan tana da nata." Ta rage murya kamar mai ba ni sirri. "Kin san 'yan matan yanzu, in aka sake su a wannan lokacin shi ke nan, sun buɗe ke nan har abada. Ni uku na haifa, kuma ranar da aka kai Jarrod coci yana jariri, da siket ɗin da na sa kafin aure na je."

"Kin shayar da shi?"

"A zamaninmu madarar gwangwani ake yayi. Ga shi nan, kin ga ya ragu da wani abu?"

Da yamma na hango Jarrod a baranda da tukunyata a kan cinya, yana ci da ludayi.

Zafi ya shigo da wuri bana. Kafin Nuwamba ta raba, iska ta tsaya cik, fanka sai juya zafi take yi. Tegan ta fara zubewa, kuma ba irin zubewar da ake yi wa murna ba. Ƙasusuwan wuyanta suka fito, idanunta suka faɗa, in ta sunkuya ɗaukar wanki sai ta dafa sandar shanya ta jira jiri ya wuce. Kan wannan kuma Jarrod ya ƙara mata tafiya da keken jariri kowace safiya har bakin teku ta dawo, ita ma a shigar a sashen ƙonawa. Hamish kuwa kuka ya zama aikinsa. Ta bango nake jin sa. Ya kama nono ya daɗe yana ja, ya saki ya tsanyara, ya sake kamawa. Ni ma na goyi 'ya'ya, na san kukan ciwon ciki, na san na rigima. Wannan na yunwa ne.

Ranar awon jarirai na ce zan raka ta, Jarrod ya ce ai shi ne uba, shi zai kai su. Da suka dawo na same ta a shinge.

"Me nas ta ce?"

"Ta ce nauyinsa bai hau yadda ya kamata ba. Ta tambaye ni ko ina cin abinci sosai."

"Kika ce me?"

"Kafin in buɗe baki Jarrod ya ce duk jihar Queensland babu mai jegon da ta kai ni cin abinci mai kyau. Ya lissafa mata kaza da kifi da ganye. Ta ce madalla, in ƙara yawa, in sha ruwa, mu dawo mako mai zuwa."

"Ba ki gaya mata yawan ba?"

Ta kalli ƙasa. "Yana zaune a gefena, Noelene, yana riƙe da hannuna."

Abin da ya ƙara mata bayan maganar nas ɗin tuffa ɗaya ce. Har ya turo mata saƙo da hoton zuciya, wai ya ji shawarar masana.

Daga nan na daina neman izinin kowa. In Glenys ta tafi shago, sai in ƙwanƙwasa shinge. Tegan ta zo ta tsaya bayan bishiyar mangwaro inda ba a hango ta daga titi, ta ci burodi da cuku da ƙwai a tsaye, da sauri, tana waige kamar ɓarauniya a gidan aurenta. Ba ta shigar a waya. Kwana kaɗan aka yi haka kukan yaron ya fara sauƙi, ko dai kunnena ne yake so ya ji hakan.

Amma akwai sikelin banɗaki, wanda take hawa kowace safiya mijinta yana tsaye a kanta. Lambar ta tsaya, sannan ta ɗan hau. Jarrod bai yi faɗa ba. Da ma faɗa ya yi, da ta samu abin riƙewa. Shiru ya yi mata yini guda, da yamma ya zauna a bakin gado ya ce ya ɗauka su biyun abu ɗaya suke ginawa. Ya ce ya riga ya gaya wa mutane, ya buga takardun talla, in ita matarsa ba ta yarda da aikinsa ba wa zai yarda. Har hawaye ya kawo. Ita ce ta ƙare da ba shi haƙuri.

Ta gaya mini wannan a taƙaice, ta ce, "Don Allah ki daina kawowa. In na gani ba na iya ƙi."

"Ai don kada ki ƙi nake kawowa."

"Saura 'yan makonni ne kawai. In aka ɗauki hoton zan ci duk abin da kike so."

"Shi Hamish ɗin kin gaya masa ya jira hoto?"

Na san maganar ta yi zafi, kuma ban janye ta ba. Ta juya ta shige. Daga ranar ta koma shanya a baranda ta ɗaya gefen. Makon awo ya zo, ya zamana Jarrod yana da aji, Glenys kuma ta ce ai ba a kai yaro asibiti kullum kamar mara lafiya, aka ɗaga.

Wata Talata da rana tsaka, na dawo daga aiki ko takalmi ban cire ba, na ji ana buga ƙofata. Tegan ce, ba takalmi, yaron a kafaɗa.

"Noelene, duba mini shi. Ya daina kuka."

Na karɓe shi. Jikinsa sakwaf, leɓɓansa a bushe, idonsa rabi a buɗe. Na shafa kansa na ji maɗigarsa ta faɗa. Na tambaye ta yaushe ya jiƙa famfas, ta ce tun safe bai yi ba, jiya ma kaɗan. Glenys ta tafi gyaran gashi, Jarrod yana tare da wani mai biyan kuɗin horo shi kaɗai, kuma ba ya ɗaga waya in yana aiki. Na ɗauki makullin mota. Duk tsawon hanyar asibitin Rockhampton tana kujerar baya tana ƙoƙarin sa masa nono a baki, yana kamawa yana saki, ita kuma tana ta ce masa yi haƙuri, yi haƙuri.

A asibiti suka karɓe shi da gudu, suka sa masa ruwa ta jijiya, daga baya suka ba shi madarar gwangwani a fida. Ya shanye tas kamar wanda ya dawo daga daji. Tegan tana kallo tana kuka ba sauti. Likitar ta zauna da ita, ni ina gefe, ta tambaye ta abin da take ci, wannan karon ba mai riƙe mata hannu. Tegan ta miƙa mata wayar kawai. Matar ta daɗe tana dubawa. Ta ce abubuwa da yawa suna rage nono, zafi da gajiya da damuwa duk suna ciki, amma babu yadda za a yi jiki ya ciyar da mutum biyu da abin da ko ɗaya bai isa ba. Ta ce ta ci, ta sha, ta riƙa tatsa, ta riƙa sa shi, mai yiwuwa ya dawo.

Glenys da Jarrod suka iso da la'asar. Jarrod fuskarsa ta yi fari, na yarda ya tsorata, yana son ɗansa. A baranda na gaya masa abin da likita ta ce, ban rage ko kalma ba.

Ya ce, "Ba wanda ya gaya mini haka."

"Ni na gaya maka, a jikin motarka."

"Ina nufin wani masani." Ya shafa ƙeya. "Kuma ta ce abubuwa da yawa ne, ko? Ke da bakinki kika faɗa. Zafi ne, Noels. Bana zafin ya yi yawa."

Glenys ta dafa kafaɗarsa. "Kada ka ɗora wa kanka, ɗana. Ka yi iya ƙoƙarinka. Ni tun farko na lura nonon nata ruwa-ruwa ne. Da an ji maganata an ba shi gwangwani da ba a zo nan ba."

Na bar wurin, domin na ji abin da ke tasowa a bakina ba na asibiti ba ne.

Bayan an sallame su Tegan ta yi ƙoƙari, Allah ya gani. Ta ci, ko da yake robobin Glenys ba su daina zuwa ba, an dai ƙara musu dankali. Ta ari injin tatsa, ta zauna da shi yini-yini yana gurnani, abin da ke fita bai rufe gindin kwalba ba. Hamish kuma ya ɗanɗani fida, inda madara ke zuba ba wahala. In ta sa shi a ƙirji sai ya ja kaɗan ya banƙare. Nan take Jarrod zai bayyana da fida a hannu, a ɗumame, ya ce kawo shi ki huta. Unguwa duka ta ɗauki yabonsa. Ga uba na gari, shi ke wanke kwalabe, shi ke goya yaro a ƙirji yana ba da horo. Har a gidan burodi mata suna ba ni labarinsa, ina naɗe musu burodi ina cije leɓe.

Ranar Kirsimeti suka gayyace ni cin abincin rana a bayan gida. Na je don Tegan. An cika tebur da jatan lande da naman alade da mangwaro, dangin Jarrod sun cika wurin, yara suna tsalle a cikin babban bahon ruwa na roba. Aka ɗauki hoton a jikin bangon gareji kafin a fara ci, domin kada cikinta ya taso. Mata suka yi ta tafi. Wata ƙanwar Glenys ta ce, "Yarinya, kamar ba ke kika haihu ba. Mene ne sirrin?" Tegan ta yi murmushin da aka ce ta yi, ta jawo riga ta sa, ta ɗauki ɗanta ta shige ciki.

Na bi ta. Na same ta a ɗakin yaron, tagar a buɗe, tana zaune a kujera ta ɗaga riga. Hamish ya yi ɓul-ɓul yanzu, kumatu sun fito. Ta kai shi ƙirji tana yi masa magana a hankali. Ya taɓa da baki, ya kawar da kai. Ta juya shi ɗaya gefen. Ya tura ta da ɗan hannunsa ya fara kuka yana neman ƙofa da ido. Ta matsa nonon da yatsunta, ta sake matsawa. Ko ɗigo.

Jarrod ya leƙo, fida a hannu ɗaya, waya a ɗaya.

"Ga sarkin ci ya tashi. Kawo shi, Teegs." Ya karɓe shi, yaron ya cafke fidar ya yi shiru. "Hoton ya yi kyau ba kaɗan ba, sai kin gani. Af, na cire shayarwar daga manhajar, tunda an gama da ita. Kin ga yanzu ɗari biyar ɗin nan ba kya ƙona su, sai mu lura kada ƙiba ta dawo miki. Mu ɗan rage na dare, ko mu ƙara tafiya. Amma yau Kirsimeti ce, ki ci abinki." Ya kashe mini ido. "Har da fai ɗin Noels."

Ya fita da yaron. Muka ji an yi shewa a waje da suka bayyana.

Na tsaya a ɗakin nan raina yana tafasa, kuma babu wanda zan kama. Da ɓarawo ne ya shigo ya ɗauke abincin jariri daga bakinsa, da garin nan kaf ya fito nemansa. Amma wannan an yi shi da sikeli da murmushi da saƙon soyayya, uba ya yanka, kaka ta auna, aka kira shi kula da lafiya. Yaron ya rayu, ya yi ƙiba, don haka kowa ya wanke hannunsa. Abin da aka ƙwace wa Tegan ba ya fitowa a hoto, kuma ba mai mayar mata da shi.

Teburin manya yana daidai ƙarƙashin tagar. Wata ta tambaya ko har an yaye shi ne da wuri haka. Muryar Glenys ta shigo ɗakin tar, cike da tausayi.

"Ai ba laifinta ba ne, baiwar Allah. Wasu matan haka aka halicce su, ba su da nono. Mun yi ta fama, abinci mai kyau, komai. Sai dai haƙuri."

Tegan ba ta motsa ba. Ta sauke rigarta a hankali, ta gyara ta a kan cikin nan da kowa ya gama yabo. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ina da shi, Noelene. Makon farko har zanin gado nake jiƙawa, sai na sa tawul nake barci. Ke kin ga shanyar."

Na ce, "Na gani."

"To ki riƙa tunawa, don Allah. Ni na fara jin kamar mafarki na yi."